Gurbi ɗaya, mata biyu: da wa zan tafi bakin teku?

Assalamu alaikum, Yaya Hajiya. Ni ma'aikaci ne a reshen Damagaram na wata ƙungiya mai zaman kanta, ni ke riƙe da lissafin kuɗi. Bana shugabanninmu sun shirya taron ƙarshen shekara a Lome, babban birnin Togo, a wani otal da ke bakin teku, daga Juma'a zuwa Lahadi, wai don ma'aikatan rassa su san juna, a huta, a yi wasanni. An ce kowa ya zo da iyalinsa, ƙungiya za ta biya jirgi daga Yamai, da ɗaki da abinci. Sai dai takardar da aka ba mu mu cike, gurbi ɗaya ne na mata, biyu na yara. Ni kuwa mata biyu gare ni. Uwargida shekararmu 17, ƴaƴanmu biyar, allo ta yi, ba ta yi lakwal ba, ba ta jin Faransanci, iyakar tafiyarta Maraɗi da Kano. Amarya malamar makaranta ce, shekara uku da aurenmu, ɗiya ɗaya. Gaskiya raina ya fi kwantawa da tafiya da amarya, don za ta iya zama cikin mutane, ta yi hira da matan shugabanni. Wani abokina ya ba ni dabara: in ce wa uwargida misiyo ce ta aiki kamar kullum, amarya kuwa ta riga ni zuwa Yamai da sunan ganin dangi, mu haɗu can. Kwana goma suka rage in mayar da takardar, ban faɗa wa kowa a gida ba. Barci ya gagare ni. Yaya zan yi?

Wani magidanci daga Sabon Gari, Damagaram

Wa alaikumus salam, ƙanena.

Dabarar abokinka ka mayar masa da abarsa. Ba ma sai na kawo maka wa'azi ba, ko a lissafi ba ta fita, kai kuwa mutumin lissafi ne. Irin wannan taro ba a yinsa a ɓoye. Za a raba muku riguna masu tambarin ƙungiya, a jera ku a kan yashi, maza da mata da yara, a ɗauki hoto, kafin ku karkaɗe ƙafafunku hoton ya hau Facebook, domin da shi ake nuna wa masu ba da kuɗi cewa ma'aikata na zaune lafiya. Matar direbanku za ta ɗora nata a WhatsApp. Matar direban nan ƙawar ƙanwar wance ce, wance kuwa tare suke zubin adashe da uwargidanka. Damagaram ce fa. Daga Birni zuwa Zango zuwa Garin Malam, wanda ba dangi ba suruki ne. Ko an rufe bakin manya, ɗiyarka ƴar shekara biyu za ta dawo tana ba yayyenta labarin jirgi da ruwa mai bin mutane. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, balle wankan teku.

Ranar da maganar ta fito, ba rashin ganin Lome ne zai ƙona wa uwargida rai ba. Macen da ta yi shekara 17 a gidanka ta saba ganin ka fita da jaka ka dawo da ƙura a gemu, ba ta taɓa cewa sai ta bi ka ba. Abin da ba zai fita daga zuciyarta ba shi ne an zauna mutum biyu an ƙulla, ita tana tsakar gida tana daka maka yajin guzuri, tana yi wa kishiyarta addu'ar Allah ya kiyaye hanya. Amarya kuma, ko ta yi murna yau, ka nuna mata abin da bai kamata ta gani ba: mijinta na iya kallon idon matarsa ya tsara ƙarya tsaf ba tare da ya ƙifta ba. Duk misiyon da ka tafi bayan wannan, ita ma sai ta yi tambaya a ranta.

Kafin ka kai maganar gida, ka koma biro. Wanda ya tsara takardar nan ya tsara ta da irin gidansa a kai, ko kuwa ya kwafo ta daga babban ofishinku na waje bai sake ko harafi ba. Binciken lafiya da yawan jama'a da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna fiye da ɗaya bisa uku na matan aure suna zaune da kishiya, saboda haka ba kai ne baƙon abu ba, takardar ce baƙuwa. Ka je wajen mai kula da ma'aikata ka tambaye shi da murya sake, ba kamar mai neman gafara ba: za a iya mayar da gurbin yara biyu ya zama na babba ɗaya? In ka biya wa ta biyu tikiti da ɗaki daga aljihunka, an yarda? Zuwa da iyali dole ne ko ganin dama? Taron nan za a riƙa yinsa kowace shekara, ko sau ɗaya ne? Wannan ta ƙarshe ita ce babba, za ka ga dalili. Ina kyautata zaton akwai wasu a rassan Tawa da Maraɗi da ke juya irin takardarka a hannu, kowa na jiran wani ya fara buɗe baki.

Amma kada ka ɗora rai a kai sosai. Kasafi kasafi ne, ka fi ni sani. Ko an ce ka biya, tikitin Yamai zuwa Lome da dawowa ba ƙananan jikkuna ba ne, ga ɗaki na biyu, don ba za ka haɗa su ɗaki ɗaya ba, ga tambayar wa zai zauna da sauran yara a gida. In sai ka ci bashi ko ka taɓa kuɗin makaranta ko na hatsin shekara, ka bar shi. In kuma wani ya ce maka a tura ɗaya ta mota don arha, ka toshe kunnenka. Hanyar Gaya zuwa Kwatano da mutanenmu suka saba bi ta rikice tun bayan juyin mulkin Yulin 2023, ta Burkina kuwa ko manyan motocin da ke ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwan Lome da rakiyar soja suke binta. Ba hanyar da za ka sa iyali ba ce don kallon ruwa.

To, a ce gurbin ya tsaya ɗaya. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) in zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa, wadda ta faɗa wa, da ita za a tafi. Hadisin na cikin Buhari da Muslim. Akwai ma tafiyar da ƙuri'ar ta faɗa wa biyu, A'isha da Hafsa. Malaman Shafi'iyya da Hanbaliyya sun ce ba za ka ɗauki ɗaya ka bar ɗaya ba sai da ƙuri'a ko da yardarsu. Namu na Malikiyya, kamar yadda almajiran zaure ke karantawa a Muhtasar na Halil, sun ba miji zaɓi a tafiya, ban da hajji da yaƙi, waɗannan sai an yi ƙuri'a. Na san in ka je wajen malamin unguwarku zai iya karanta maka wannan, ka fito kana murmushi. Ka tsaya ka ji dalilin tukuna. An ba da zaɓin ne saboda tafiyar da can azaba ce: raƙumi, rana, ƴan fashi, watanni a hanya. Wata matar ta fi juriya, wata ta fi iya riƙe gida da dukiya a bayan mai gida. Hajji da yaƙi kuwa kowace na kwaɗayinsu, shi ya sa aka ce a raba gardama da ƙuri'a. Ka ɗora tafiyarka a wannan ma'auni. Jirgin sama, otal, teku, abinci ba kai ka dafa ba: wace ce ba ta so? Ni ba mai ba da fatawa ba ce, amma ko makaho ya shafa ya san inda kowa ke kwaɗayi nan ƙuri'a ta fi amfani. Kuma zaɓin da aka ba miji ba a ba shi don ya bi inda zuciyarsa ta karkata ba. Ka san hadisin mai mata biyu da ya karkata ga ɗaya, yadda zai tashi ranar alƙiyama da ɓarin jikinsa a karkace.

Yadda za ka kai maganar shi ne rabin aikin. Uwargida za ka fara sanarwa, a ɗakinta, ku biyu, don girmanta ne. A wannan yinin kuma ka sanar da amarya, kada labari ya kwana a ɗaki ɗaya. Ka faɗi komai yadda yake: abin da ƙungiya za ta biya, gurbi nawa ne, abin da ka tambaya a biro da amsar da aka ba ka.

Ga abin da zai faru, ka rubuta ka ajiye. Uwargida za ta sunkuyar da kai ta ce, “Haba Malam, ina ni ina jirgi? Ka tafi da ita mana, ita ce ta san zaman irin waɗannan wurare.” Kai kuma zuciyarka za ta yi tsalle, ka ce alhamdu lillahi, ta yafe da bakinta. Ba ta yafe ba, kara ta yi maka. Ta karanci fuskarka tun kafin ka gama magana, ta ga inda kake so, ta share maka hanya don kada ta ji kunyar a ce an zaɓa ba a zaɓe ta ba. Irin wannan karar ce ke taruwa a cikin mace shekara da shekaru, sai ranar da ta fashe a kan cokali ko sabulu, kowa ya ce me ya yi zafi. Amsar da za ka ba ta ita ce: “Na ji, na gode. Amma ƙuri'a za a yi. In ta faɗo kanki, kika ga ba ki da ra'ayi, sai ki ba ta da hannunki.” Akwai tazara mai yawa tsakanin macen da ta janye tun ba a ba ta ba da wadda abu ya zama nata ta yi kyauta da shi. Nana Sauda da ta ba A'isha kwananta, nata ne ta bayar. In uwargida ta ci ta bayar, ita ce da godiya a wuyan amarya, kuma a tsakar gida kowa ya san haka. In ta ci ta ce za ta je, to ka ga abin da ke ranta tun farko.

Ƙuri'ar a yi ta a fili, su biyun suna zaune, da shaida guda da suke ganin girmanta, mahaifiyarka ko babbar yayarka. Kada ka rubuta sunaye da boko tunda ɗaya ba ta karanta shi. Kowace ta ba da abin da ta san nata ne, zobe ko ɗan kunne, a naɗe a ƙyalle iri ɗaya, a zuba cikin hula, a kira yaron maƙwabta ya zura hannu. Sau ɗaya. Ba a cewa a sake don yaron ya leƙa. Kuma tun kafin a zura hannu a gama maganar wadda za ta zauna: in taron na shekara-shekara ne, na baɗi nata ne ba tare da wata ƙuri'a ba. In ba a sake yi, ka faɗi abin da za ka iya yi mata, wanda ka tabbata aljihunka zai ɗauka. Kada ka yi alkawarin Umra don bakinka ya yi daɗi a wannan daren.

Yanzu bari in taɓa inda ka lulluɓe. Ka ce amarya za ta iya zama cikin mutane. Ma'anarsa, kana jin kunyar a ga uwargida. Ban zarge ka da mugunta ba, na san yadda biro yake, na san kallon da ake yi wa mutum in matarsa ta riƙe cokali mai yatsu a hannun da ba shi ba. Amma ka duba mutanen da kake jin kunyar. Matan abokan aikinka na Tawa da Maraɗi da Agadas da Difa, da wane harshe kake zaton za su yi hira in sun baje a inuwa? Tun Maris na 2025 ma kundin da ke tafiyar da ƙasar nan ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma na aiki. Lome kanta tana da Zangonta, Hausawa sun daɗe a can, da masallatansu da mahautansu da masu tuwonsu. Hajiyoyin da ke zuwa sarin atamfa a babbar kasuwar Lome, wadda ake kira Asigame, da yawansu ba su taɓa zama a aji ba, kuma ba a cutarsu ko dala. Macen da ta riƙe gida mai yara biyar a garin da ake tsayuwar layin ruwa tun asuba, ta aurar da ƙannenka, ta karɓi baƙinka, ba gaisuwa da matar darakta ce za ta gagare ta ba. Sau da yawa irinsu ne ake dawowa ana labarinsu, don su ke tuna wa ya bar ɗansa a rana, wa bai ci abinci ba.

Abin da ke kanka, in ita ƙuri'a ta ɗauka, shi ne ka shirya ta a ɓoye don kada ta ji kunya a fili. Ka gaya mata yadda ake bincike a filin jirgi, za a sa ta ajiye jaka ta wuce ta ƙofar na'ura, kuma mace ce za ta taɓa ta in ana bukata. Ka gaya mata kunne na toshewa in jirgi ya tashi, haɗiyar miyau ke buɗe shi. A otal ka nuna mata katin buɗe ƙofa da famfon ruwan zafi a cikin ɗaki, ku biyu, kuna dariya. Wajen cin abinci ka tsaya kusa da ita a zagayen farko, ka faɗa mata a hankali wanne ne kifi, wanne ne kaza, wanne za a tsallake, don a can ana dafa naman alade, ana kuma ajiye giya a tebur, ba kuma da nufin cin fuska ba. Ku sa butar roba a jaka, bayin otal ba lalle a samu ba. Ku sa yaji da ɗan kilishi. In kuma kai ne za ka riƙa yi mata gyara a gaban mutane, kana “ba haka ake yi ba”, to gara ka bar ta a gida da mutuncinta.

Su biyun kuma su san abin da suke takara a kai, don hoton da ke kansu ba shi ne tafiyar ba. Daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne. Za ku shiga kar, babbar motar fasinja, tun kafin kiran sallar asuba, ku bi Takeita, Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, ku isa da dare ƙafafu a kumbure, ku kwana, sannan jirgi. Dawowa haka. Abin da aka kira kwana uku ya zama kusan mako. Amarya, in ba lokacin hutu ya faɗa ba, sai ta nemi izini a rubuce daga shugaban makarantarta, kuma ba a nan take ake bayarwa ba. Can kuma kai ba hutu za ka yi ba. Da safe za a kulle ku a zaure ana bitar aikin shekara, ana manna takardu a bango, kai mai lissafi ma da wuya a bar ka ka sha iska. Da yamma a raba ku rukuni-rukuni, jan igiya, ƙwallo a yashi, tseren buhu, darakta na faɗuwa kuna dariyar da ba ta wuce ƙa'ida ba. Matar da ka kai za ta yini da yara da matan da ba ta sani ba, cikin zafi mai ɗanko irin na bakin teku, wanda wanda ya baro sanyin Disamba na Damagaram zai ji shi har cikin ƙashi. Za ta ga mata da ɗan kamfai suna yawo a bakin ruwa, maza na kusa. Ka faɗa musu wannan duka tun kafin ƙuri'a. Wataƙila ɗaya ta janye don kanta, ba don kara ba, kuma za ka gane bambancin a muryarta.

Gurbin yaran nan biyu kada ka raina shi, da shi za ka rage wa wadda ta zauna zafi. In amarya ta ci, manyan ƴaƴan uwargida su cike gurbin, ko aƙalla ɗaya. Amma sai uwarsu ta yarda da zuciya ɗaya, don ba ƙaramin abu ba ne mace ta damƙa ɗanta a hannun kishiya a kai shi bakin ruwan da ba shi da ƙarshe. In uwargida ta ci, ɗiyar amarya ta yi ƙanƙanta a raba ta da uwarta, ka bar ta, ka ninka mata tsaraba. Cikin yara biyar ɗin kuwa kada ka sake buɗe wata rigimar: manya biyu, a faɗa a fili cewa girma aka bi.

Maganar ruwan nan ita ce ta fi tsaya mini a rai, fiye da kishin. Yaranmu iyakar saninsu tabkunan damina, su ma kowace shekara sai sun ci rai. Yaron da ya iya facal-facal a tabki yana ganin ya iya ruwa. Tekun Lome ba ta san wannan ba. Gaɓar tana gangarawa da sauri, taku kaɗan ƙasa ta ɓace a ƙarƙashin ƙafa. Igiyar ruwa na zuwa ta doke mutum ya faɗi, in za ta koma ta kwashe yashin da yake tsaye a kai. Ruwan da igiyoyi suka tara a gaɓa kuma yana neman hanyar komawa, sai ya haƙa wani ɗan lungu ya bi ta nan da ƙarfi zuwa ciki. Abin tsoron shi ne wannan lungun ne ya fi kama da wuri mai lafiya, don a nan kumfa ba ta tashi sosai, ruwan ya yi duhu ya kwanta, sai baƙo ya ce bari in shiga ta nan. Wanda ya ja, in ya ce zai yi kokawa da shi ya dawo kai tsaye, gajiya ce ke kashe shi. Masu iyo na cewa a bar jiki ya yi sama, a ɗaga hannu, a yi gefe a bi tsawon gaɓa har a fita daga jan. Wannan ilimi ne na wanda ya iya iyo, ku ba ku iya ba. Dokarku ɗaya ce: ruwa bai wuce idon sawu ba, hannun yaro a cikin na babba, ba a juya wa teku baya don ɗaukar hoto, ba a zuwa da dare. Mace kada ta matsa kusa da zani da dogon hijabi, in suka jiƙe nauyi suke yi su naɗe ƙafa, ta sa wando a ciki ta tattare. In yara sun nace sai sun yi wanka, kwamin wanka na otal a ɓangaren da ba zurfi, babba na tsaye a kansu, ba yana duba waya ba. Kada kuma ka dogara da cewa akwai mutane da yawa a wurin. Inda kowa ke zaton wani na kallo, nan ne ba mai kallo. Lokacin da kake cikin zauren taro, ka san sunan wanda ke riƙe da kowane yaro.

Takardu kuwa su ne dalilin da ya sa ba za ka kai kwana goman nan kana juyi a gado ba. Ka tambayi biro takardar shaidar da kamfanin jirgin ke karɓa ga manya da yara, tunda Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Janairun 2025, kada ka tafi da abin da ka sani a da. Yara na bukatar takardar haihuwa, wanda kuma uwarsa ba ta cikin tafiyar a nema masa takardar izininta. Togo na neman katin rigakafin zazzaɓin shawara, katin nan ruwan ɗorawa, kuma ba ya aiki sai allurar ta kwana goma. Mai ciki ba a cika yi mata ita ba, saboda haka in akwai wadda ke da labarin da ba ta faɗa maka ba tukuna, yanzu ne lokacin tambaya, kafin ƙuri'a. Kuɗi ba canji, sefar nan ce dai. Agogo za ku mayar da shi baya da awa ɗaya in kun sauka, ku kula da lokacin salla. Tunda ba ku yi niyyar zaman kwana huɗu ba, kasaru za ku yi.

In ka duba duk wannan ka ga gidanka ba zai ɗauki ƙuri'a ba, ka san halin matanka fiye da ni, akwai hanya ta uku da ba kunya a cikinta: ka tafi da manyan yara biyu, gurbin mata ka bar shi fari. Ba wanda zai rage maka albashi a kan haka. Sai dai ita ma a faɗe ta a gaban su biyun, da dalilinta, kada ka dawo su ji a bakin matar direba cewa kowa ya je da matarsa.

Ranar dawowa, malamai da yawa sun ce ba a rama kwanakin tafiya. Duk da haka ka roƙi wadda ta je ta bar ka ka sauka a ɗakin wadda ta zauna, ko da kwanan ba nata ba ne, kuma a yi wannan maganar tun a daren ƙuri'a. Tsarabar wadda ta zauna kai za ka zaɓa da kanka a Asigame, turmi mai kyau, ba wanda ya rage bayan an gama zaɓe ba, kuma kai za ka miƙa mata, kada ka aiko yaro. Wadda ta je ka ja mata kunne a kan hotuna: a nuna in an tambaya, kada a mayar da su abin kallon kowane dare a tsakar gida.

Gobe da safe ka fara da mai kula da ma'aikata. In ka samu amsarsa, kada maganar ta wuce daren jibi ba ta shiga ɗakin uwargida ba, don allurar nan da takardun yara ba za su jira ka ba.